Akwatin Oga Bitrus a Kan Dutse

Ranar wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji shida na firamare, muka hau dutsen da ke bayan karar shanu ta Dei-Dei mu biyu, ni da Oga Bitrus mai gyaran rediyo. An yi ruwa da asuba, dutsen sai santsi yake yi, duk ƙananan ramukan da ke jikinsa sun cika da ruwa. Shi ne a gaba, ya naɗa gammo da tsohuwar singileti ya aza batirin mota a ka, a hannunsa na dama kuma yana riƙe da wani baƙin akwatin ƙarfe da bai fi gafaka girma ba. Ni ina biye da shi, na saɓa doguwar gora a kafaɗa, na rataya naɗin waya a wuya, na maƙale eriya a hammata. Sau biyu ina zamewa kafin mu kai tsakiya, har gwiwata ta salɓe. Da muka tsaya hutawa ya juyo yana haki, ya ce da irin Hausarsa ta mutanen Filato wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Tanimu, riƙe gora nan da kyau. Yau ɗin nan za ka ji muryan Baffa naka kamar yana cikin aljihunka." Na gaskata shi, domin a duk faɗin Dei-Dei babu wanda ya kai ni son maganar nan tasa ta tabbata.

Dalili kuwa shi ne, mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne. Idan aka sauke masa dabbobi daga arewa ba ya barinsu a kara suna ramewa, sai ya tura su bayan dutsen nan inda akwai fadama da ɗanyar ciyawa, wurin amininsa Baffa Gidado, wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a can. Matsalar ita ce mai saye ba ya sanar da zuwansa. Sai dai kawai a ga tirela ta tsaya, mutum ya sauko ya ce bijimai kaza yake so kafin azahar, in ba haka ba ya wuce wurin wani. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa Abuja, manyan mutane suna yawo da ita a cikin gari, amma a bayan dutsen nan ko ka hau bishiya ba ta kamawa. Saboda haka ni ne wayar Baba. Ni kaɗai ne namiji da ya tasa a gidan, kuma bai yarda ya aiki yaran kara ba, don kafin saƙo ya isa ruga sauran dillalai sun ji. Zai faɗa mini, in rubuta da ajami, don shi kaɗai Baffa yake karantawa, in ninke takardar in sa a hula, in kama hanya. Zagaya dutsen tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce ga mai sauri, haka kuma dawowa da shanu a gaba.

Tun ina jin daɗin aiken har ya zame mini ƙaya. Sau nawa muna tsakiyar darasi sai in hango wani daga kara ya leƙo ta taga yana yafito ni, in miƙe in bar littafina a buɗe. Abokaina suna wasan langa da ƙwallon tsumma a filin makaranta lokacin tara, ni kuwa ina can cikin ciyawa ƙaya tana cin ƙafata. A ƙarshe hedimasta ya kira Baba ranar da za a ba mu hutun rabin zango na mako guda. Ya buɗe rajista ya nuna masa layin sunana, ya ce saura 'yan makonni a yi jarrabawar shiga sakandare, kuma daga ranar da aka dawo hutu, idan na sake rasa ko yini ɗaya zai cire ni daga cikin masu zaunawa. A hanyarmu ta komawa gida, da muka kusa ƙofa, Baba ya juyo gare ni. Ya ce Bitrus ya yi masa maganar wata na'ura. In ta yi aiki, Litinin ta sama in koma aji. In ba ta yi ba, in haƙura da boko sai wata shekara, don ba zai saki abin da gidan yake ci da shi ba. Baba ba ya maimaita magana.

Na'urar kuwa ga yadda take. Akwai 'yan rediyon nan na hannu da 'yan sanda suke riƙewa, waɗanda muke kira oba-oba. Oga Bitrus yana da guda biyu, amma muryarsu ba ta ƙetare dutse. Shi baƙin akwatin, idan aka ajiye shi a ƙololuwa, yana jin abin da aka faɗa daga wannan gefe, nan take ya maimaita shi da ƙarfi zuwa wancan gefen. Oga Bitrus yana ce masa rifita, mutanen kara kuma tun kafin su gan shi suka raɗa masa suna aku. Ba nasa ba ne, na wani injiniya ne a Karu da ya taɓa yi wa aiki, wanda ya yarda ya ba da aronsa mako guda a gwada, in ya yi sai su daidaita da Baba. Ranar Juma'a da yamma muka je ɗauko shi mu uku. Mun tarar da mutumin yana ta ɗaure kaya a mota, an yi masa rasuwa zai tafi ƙauyensu. A tsaye ya miƙo akwatin, ya ce takardar da ke manne a jikinsa ta ɓare, amma lambobi biyu ne za a sa wa kowace oba-oba, ɗaya wadda akwatin ke saurare da ita, ɗaya wadda yake amsawa da ita. Oga Bitrus ya rungume akwati, ba biro a jikinsa. Baba ya ce, "Rubuta, Tanimu." Na zaro littafina na rubuta da sauri yadda hannuna ya saba tun ina ɗan shekara biyar a gaban malaminmu na allo, da irin lambobin da ke kan shafukan Alƙur'ani. Injiniya ya shiga mota ya tafi.

To da muka kai ƙololuwa ranar Asabar ɗin nan, muka cusa gindin gora a wata tsaga, muka danne da duwatsu, muka ja ta gefe uku da igiyar ɗaure shanu. Oga Bitrus ya ɗaura eriya a samanta, ya jona waya, ya maƙala batir, wata 'yar fitila ja ta kama a jikin akwatin. Ya ce in ba shi takardar lambobin da na yago daga littafina. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan wane irin rubutu ne kamar kaza ya yi tafiya?" Ya riƙa nuna lambobin da suka yi masa baƙo yana tambaya, wannan fa, in ce huɗu ce, wannan fa, in ce uku ce, yana kwafewa a bayan kwalin sukari. Waɗanda suka yi masa kama da abin da ya sani bai tambaye ni ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Ya danna lambobin a oba-oba biyun, ya ba ni ɗaya ya ce in matsa can bakin wata bishiyar ɗorawa. Da ya yi magana sai na ji muryarsa ta fito, a shaƙe, kamar mai mura yana magana cikin tulu, amma dai muryarsa ce. Na yi tsalle. Ya ce shaƙewar don mun yi kusa da akwatin ne, in aka yi nisa za ta washe.

Ba ta washe ba. Na gangara wajen ruga da tawa, shi ya gangara kara da tasa wurin Baba. Tun ban kai rabin gangara ba muryar ta fara yankewa, kafin in sauka gindin dutse ta ɓace ɗungurum, sai wani shuuu kamar ana zuba gero a faranti. Na isa ruga na tarar da Baffa Gidado ya shimfiɗa buzu ya sa sabuwar hula, matan ruga da yara sun kewaye shi ana jiran a ji abin mamaki. Muka zauna har la'asar muna sauraren shuuu. Aka kawo mini fura, na kasa sha.

Haka aka shiga makon da ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Lahadi Oga Bitrus ya tafi coci, bai fito ba sai da rana ta karkata, ni kuwa tun safe ina zaune a ƙofar shagonsa ina ƙirga tirelolin da ke wucewa. Litinin ya ce eriyar ce ba ta yi sama ba, muka sari wata gora a bakin rafi muka haɗa biyu, muka sha wuya kafin ta tsaya, iskar hadari ta zo da azahar ta kwantar da ita a kan idonmu. Talata ya ce batir ne ya yi sanyi, muka sauko da shi muka kai wurin mai caji, muka sake hawa da shi, wuyansa har ya sanƙare. Laraba ruwa ya shiga mahaɗar waya, ya kwance ta ya shanya a kan dutse, ya naɗe da robar tayar keke, muka kifa wa akwatin rabin jarka. Kowace rana abu ɗaya ne: a kusa murya a shaƙe, a nesa shuuu. Har Baffa sai da laifi ya hau kansa. Oga Bitrus ya ce tsohon ne yake danne madannin ba ya saki, don idan ya fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ba ya tsayawa balle wani ya samu shiga. Muka ɓata rabin yini ana koya masa idan ya gama magana ya ce "oba" ya ɗaga yatsa. Ya koya, cikin fushi, amma babu abin da ya sauya.

Duk wannan kuwa bai ɗauke mini aikin gida ko ɗaya ba. Da asuba in je allo, in dawo in cika randunan Inna daga rijiyar maƙwabta, in yanko wa tumakinta ciyawa, sannan in ruga wurin Oga Bitrus. Sau biyu a cikin makon masu saye suka zo, na bar shi a kan dutse na zagaya ruga da ƙafa kamar kullum, oba-oba tana rataye a ƙuguna tana shuuu, kamar tana yi mini dariya. Mutanen kara kuwa sun samu abin yi. Da mun sauko sai wani ya ɗaga murya, "Oga, yau akun ya yi magana ko har yanzu yana azumi?" Wani ya ce a kai shi wurin mai magani a duba ko aljanun dutse ne suka riƙe masa harshe. Oga Bitrus yana murmushin yaƙe yana cewa gobe, amma na ga ya daina bi ta tsakiyar kara, sai ta bayan mahauta. Inna ta ga na fara ramewa ta ce, "Kai dai ka yi ta addu'a, abin da Allah ya rubuta maka babu dutsen da zai tare shi." Ina yi. Bayan kowace salla sai in daɗe a zaune, amma gaskiya zuciyata cike take da haushi. Ina jin haushin akwatin, ina jin haushin dutsen, kuma Allah ya yafe mini, na fi jin haushin Oga Bitrus, wanda na yanke wa hukunci a raina cewa bai san aikinsa ba.

Ranar Alhamis da magariba Baba ya ce wa Oga Bitrus ya gode, ya ga ƙoƙarinsa, amma gobe bayan an sauko Juma'a a kwance kayan a mayar wa mai su. Bai dube ni ba lokacin da yake faɗa. Na shiga ɗaki na ga kayan makarantata a rataye a ƙusa, na juya musu baya.

Washegari bayan masallaci muka hau dutsen. Tun da safe na karɓo oba-obar da ke wurin Baffa, duka biyun suna cikin jakar Oga Bitrus. Ya zauna kusa da akwatin ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce bari ya goge komai ya sake sawa sau ɗaya, don kada injiniya ya ce bai gwada ba. Ya miƙo mini kwalin sukarin nan, wanda duk ya yi laushi saboda gumi, ya ce, "Karanta mini, idona ya gaji." Na fara karanta rubutunsa na boko, lamba bayan lamba, har na zo ta ƙarshe na ga sifili. Na tsaya. Mu 'yan allo abin da muka rubuta da hannunmu ba ya barin kanmu da wuri, kuma lambobin nan na maimaita su a zuci ya fi sau ɗari a cikin makon. Na duba layi na biyu, shi ma da sifili ya ƙare. Na ce, "Oga, ai nan biyar ce."

Ya ce wace biyar. Na zaro takardata daga hula na nuna masa. Ya sa yatsa a kan 'yar da'irar da ke ƙarshen layi ya ce, "Ga shi nan, ziro, kamar ƙwai. Ko makaho ya san ziro." Na ce a wurinmu haka ake rubuta biyar. Ya ce to yaya kuke rubuta ziro? Na ɗauki tsakuwa na ɗiga ɗigo ɗaya a jikin dutse. Ya dubi ɗigon, ya dube ni, ya sake duban takardar. Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai kawai ya ɗora hannu biyu a ka ya ce a hankali, "Kwana bakwai, Tanimu. Kwana bakwai ina ɗaukan batir a kai saboda ƙwai guda ɗaya." Daga baya ne ya fahimtar da ni cewa kuskuren ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa a kusa akwatin yake ɗan tsintar muryar, kamar mutum yana magana ta jikin ƙofa maimakon ta bakinta. Da kuskuren babba ne da tun ranar farko ya gane. Ni dai a lokacin kunya ce ta rufe ni, na tuna duk zagin da na yi masa a zuci, na rasa inda zan sa idona.

Ya gyara lambobin. Na matsa bakin ɗorawar nan, ya yi magana, muryarsa ta fito tas kamar yana tsaye a kafaɗata. Bai yi murna ba, ya ce mun sha jin murya a kusa, sai an je ƙasa. Ya nufi kara, ni na nufi ruga. Ban san yadda na sauka dutsen nan ba, na dai san takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya. Na tarar da Baffa yana duba kofaton wata saniya, babu buzu babu sabuwar hula, ya ce in ƙyale shi da abin nan ya gaji. Na tsaya a gabansa ina haki, na ɗaga oba-obar sama. Shiru. Har na fara jin hawaye suna taruwa, sai ta yi ƙaras, muryar Baba ta cika rugar: "Salamu alaikum. Gidado, kana ji na?" Saniyar ta zabura. Baffa ya goge hannu a riga ya karɓa da hannu biyu, ya danna ya amsa sallama, ya shiga gaisuwa tun daga iyali har kan shanu, sai da na taɓa masa yatsa sannan ya tuna ya ce oba ya saki. Ta cikin rediyon muna jiyo hayaniyar mutanen kara a bayan Baba, wani yana ta salati. Baba ya bari suka lafa, sannan ya ce, "Yaron nan yana wurinka? Ka ce masa ya zo ya wanke kayan makarantarsa tun da sauran rana. Oba."

Litinin na koma aji, kuma ban sake rasa yini ba har muka zauna jarrabawar. Akwatin ya yi shekaru a kan dutsen, aka gina masa 'yar rumfar kwano, yaran Baffa suna hawa da batir duk bayan kwana biyu. Na faɗa wa Baba gaskiyar abin da ya faru a daren Juma'ar, ya sa na je har shago na ba Oga Bitrus haƙuri a gaban mutane. Ya ce laifin namu ne mu biyu, ni ban faɗa ba, shi bai tambaya ba, ya ba ni kuɗin ƙosai ya kore ni.

Yanzu idan na bi ta wajen sai in rage tafiyar mota in duba. Fadamar ta zama gidaje masu jan rufi, rugar ta tashi tuntuni, Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, Oga Bitrus kuma na ji ya koma garinsu da tsufa ya kama shi. Kowane yaro a kara yana da waya a aljihu, dillali yana zaune zai ga hoton bijimi kafin a ɗora shi a mota daga arewa. 'Ya'yana suna kirana sau biyar a yini a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani lokaci in ga kiran in ƙi ɗauka. Alhamdu lillahi, sauƙi ne Allah ya kawo, ba na raina shi. Amma har yau ban ji wata murya ta fito daga na'ura ta yi mini daɗin da ta Baba ta yi a rugar nan ba, ina tsaye da takalmi ɗaya. Allah ya kai haske kabarinsa.